Sannun da Na Kai Asibiti

Asabar, 12 ga Oktoba, bayan azahar

Ba su sake shi ba. Abokinsa Babayo ya ce da safe za su sake shi. Safiya ta yi, azahar ta yi, shinkafar jiya tana nan a tukunya.

Na rasa wanda zan faɗa wa, shi ya sa na ɗauko biro. Jiya Juma'a 'yan sanda suka tafi da mijina Ghali, Abban Maijidda, daga sitonmu na kayan sola da ke nan Panyu, a ƙasar China. Wani mutum ne ya ɓalle ƙofar baya ya shiga, a zatonsa kowa ya tafi masallaci. Yanzu mutumin yana asibiti da ƙusa a cinya, mijina kuma yana hannunsu. Iyakar abin da zan iya rubutawa ke nan yau.

Lahadi, 13 ga Oktoba, la'asar

Hajiya ta kira daga Kano tana cigiyar ɗanta. Na ce ya je wani gari duba kaya, wayarsa ba ta shiga. Ta ba 'yarmu Maijidda wayar, wai haƙorinta ya fita tana so ta nuna wa Abbanta giɓin. Na yi mata dariya har ta gamsu, sannan na kife wayar.

Litinin, 14 ga Oktoba, bayan magariba

Babayo ya kai ni wurin lauya. Abokin Abban Maijidda ne tun suna Kantin Kwari, tare suka zo ƙasar nan. Mutumin da ko a zaman makoki sai ya samo abin ba'a, yau ko murmushi bai yi ba.

Lauyar 'yar ƙasa ce, siririya, Madam Liyang ake ce mata, tana Turanci a hankali kamar mai tsince shinkafa. Ta ce magana biyu ce. Ta farko raunin da aka ji wa mutumin: in hukuma ta yarda kare kansa ya yi, babu laifi, in ta ce da gangan ne, to shekaru ne masu yawa. Ta biyu abin da ya yi amfani da shi. Mai gabatar da ƙara yana da wata guda da 'yan kwanaki kafin ya yanke. Na ce yaushe zan gan shi? Ta ce iyali ba sa gani, sai lauya.

Abban Maijidda ya shaida wa 'yan sanda cewa mutumin ya ɗago masa wuƙar saran nama. Ba a sami wuƙa a wurin ba. Su biyu suka shigo, ɗayan ya gudu, na kwancen kuma ya rantse hannu Rabbana ya shiga.

Da za mu fito ta ɗaga min yatsa, ta ce kada in kuskura in je kusa da asibitin nan.

Laraba, 16 ga Oktoba, hantsi

Madam ta ce in tuno yadda aka yi abin ya shigo hannunmu. Ai ba sai na tuno ba, ina wurin.

A watan Agusta aka fara shiga mana, shi ma ranar Juma'a. Abban Maijidda ya dawo daga masallaci da wuri ya yi kiciɓis da mutum a ciki, aka yanke shi a damtse. Ba mu kai ƙara ba. Mu da 'yan sanda sai daga nesa, kowa cewa ya yi a bar kaza cikin gashinta tunda Allah ya tsare. Daga ranar ko firij ne ya yi ƙara sai ya zabura.

Aka shiga shawarar abin da zai ajiye a sito. Babayo ya ce a nemo kare. Abban Maijidda ya ce kare a ɗakin da nake sallah? Muka nemi barkonon fesawa, duk shagon da muka shiga sai "meyo, meyo", babu. Aka ce adda, na ce mutumin da ko kaza sai ya kai wa maƙwabci ya yanka masa, ina shi ina adda? Ya ji haushi ranar.

Sai wata Asabar a kasuwar kayan gini ya tsaya gaban na'urar da masu silin ke harba ƙusa da ita a jikin kankare. Ya ɗauki ƙarama ya ɗauki babba yana jinjinawa kamar mai zaɓen kankana. Na ce ƙaramar ta fi shiga aljihun tebur, ya ce ƙarar babbar ce za ta kori mutum. Ya tambayi mai shagon ko akwai matsala. Mai shagon ya washe baki: "Mewanti, lawban." Wato ba komai, maigida. Bayan 'yan kwanaki Babayo ya kai ta wurin wani da ya ƙara mata wani abu. Ban tambaya ba.

"Tsoratarwa ce kawai, Hasiya," haka ya ce min. Kuma na yarda, har gobe na yarda.

Madam ta ce a ƙasar nan ba sunan da mai shago ya kira ta ake dubawa ba. Za a auna ƙarfinta, in ya kai, sunanta bindiga. Ga shi na rubuta kalmar.

Juma'a, 18 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya na rana

Yanzu ne lokacin da abin ya faru makon jiya. Na kasa zama, na wanke kwanukan da suke a wanke.

Lahadi, 20 ga Oktoba, la'asar

'Yan sanda suna ta tambayarsa me ya hana shi zuwa masallaci ranar, in ba laɓewa ya yi yana jira ba. Wake da shinkafata ce ta hana shi. Tun asuba cikinsa ke murɗawa, na ce ya zauna a gida, ya ce gara ya kwanta a sito kan kwali. To wa zai je ya yi wa hukumar China bayanin wake?

Gari ya cika da 'yan Kano da suka zo baje koli. Labari ya riga ni zuwa ko'ina. Wata da ban taɓa gani ba ta tare ni a tashar jirgin ƙasa tana min jaje, wai ta ji mijina ya harbe mutum uku. Na ce Hajiya, ƙara ɗaya su zama huɗu, sai ya fi daɗin faɗa. Daga baya na ji kunyar kaina, ita da alheri ta zo.

Talata, 22 ga Oktoba, bayan asuba

Mutumin nan nake tunani. Na tsane shi, ba zan ɓoye ba. Amma yana kwance da ciwon da ya fito daga gidanmu, kuma har yau ko mutum ɗaya daga wajenmu bai leƙa shi ba. A Gwammaja ko akuyarka ce ta tunkuyi ɗan maƙwabci, kafin la'asar ka je dubiya. Da Hajiya za ta ji, ba ƙusar za ta fara tambaya ba, cewa za ta yi kun je kun duba shi?

Madam ta ce kada in je.

Laraba, 23 ga Oktoba, bayan isha'i

Na je.

Na yi farfesun kaza na zuba a kula, na sayi lemo da ayaba. Maigadin layin sitonmu ne ya nuna min asibitin a waya. A cikin jirgi na yi ta lalube a kaina yadda ake cewa sannu da Sinanci. Shekaruna a garin nan, Sinancin kasuwa kawai na iya: nawa ne, ya yi tsada, na gode, babu. Sai na tuna duk wanda ya taka ni a jirgi "duibuci" yake cewa. Na ce to ita ce sannunsu.

Ɗakin mai gado shida ne. Na zaci zan ga ƙato, sai ga wani ramamme da bai wuce sa'an ƙanena ba, ƙafa a rataye. Gefensa wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, da ganin hannuwanta ka san na gona ne, tana ba shi ruwa da cokali. Uwarsa ce. Daga bakin taga kuma wani mai jar hula yana danna waya.

Na ajiye kular. Na rusuna wa tsohuwar kamar yadda zan rusuna wa Hajiya, na ce duibuci. Na juya wurin ɗan na ce duibuci. Ka san sannu ba a yin ta sau ɗaya, sai na yi ta maimaitawa, hawaye kuma suka zo ba da izinina ba. Shi ya juya fuska bango. Tsohuwar ta daɗe tana kallona, sannan ta kama wuyan hannuna ta zaunar da ni a kujerarta. Ta ɗauki lemo ɗaya cikin waɗanda na kawo, ta ɓare, ta raba biyu ta miƙo min rabi. Muka ci, ba mai jin yaren wani. Ta buɗe kular ta shinshina, yajin ya sa ta atishawa, har muka yi 'yar dariya.

Na fito zuciyata wasai. Rabon da in ji yunwa tun ranar, sai yau.

Juma'a, 25 ga Oktoba, azahar

Madam ta kira ni ofis. Ba ta ce in zauna ba, ta juyo min da wayarta. Ga ni nan a durƙushe ina kuka, ina duibuci, duibuci. Mai jar hular nan ɗauka yake yi ashe, kuma ya kai wa 'yan sanda.

Ta ce kin san ma'anar abin da kika faɗa? Na ce sannu. Ta ce ma'anarsa mun zalunce ku, laifinmu ne. Matar wanda ake tuhuma ta je da ƙafarta ta amsa laifi a gaban kyamara, ga kyauta a hannu. Ta ce duk abin da ta gina a kwanakin nan na rushe shi. Muryarta ba ta tashi ba, da ma ta yi min tsawa ya fi min sauƙi.

Babayo ya ce, "Haba Maman Maijidda, ko ni ai sai ki tambaya." Na ce kai da ka kai ta aka ƙara mata wani abu, wa ka tambaya? Ya kau da kai. Muka dawo kowa yana kallon tagarsa.

Asabar, 26 ga Oktoba

Ban tashi ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba, la'asar

Hajiya ta ce wannan wane irin gari ne da waya ba ta shiga? Na ce ƙauye ne sosai. Ta ce, "Hasiya, muryarki ba ta yi min ba." Na ce mura ce.

In aka ba shi shekarun nan, da bakina na ƙara masa. Ban san yadda zan dubi Maijidda ba.

Laraba, 30 ga Oktoba, bayan magariba

'Yan sanda sun kira ni yau kan bidiyon. Sun kawo tafinta, wani dattijo mutumin Nijar, Malam Tankari, ya yi karatu a nan tun da jimawa ya zauna. Kafin mu shiga ya ce min, "Ɗiyata, abin da kinka hwaɗi shi zan hwaɗa musu, ba ni ƙarawa ba ni ragewa. Ki yi magana da Hausa, ki bar Sinancin nan naki ya huta."

Mace ce ta yi tambayoyin. Ta ce me ya sa na ba su haƙuri in mijina ba shi da laifi? Na ce ban ba da haƙuri ba, sannu na yi. Malam Tankari ya buɗe baki zai fassara, sai ya tsaya. Ya gwada wata kalma, ya girgiza kai, ya gwada wata. Daga ƙarshe ya ce mata babu ita a Sinanci, ko Faransanci ma bai san ta ba, sai dai ni in yi bayani.

Na ce a wurinmu in mutum ya yi tuntuɓe a titi, wanda ke tsallaken titi zai ce masa sannu, ba shi ya ajiye dutsen ba. Mai jego sannu, mai zazzaɓi sannu, wanda ya dawo daga gona sannu. Ma'anarta na ga wahalarka, shi ke nan. Ta ce ko da ɓarawo ne? Na ce ko da ɓarawo ne, in yana kwance. Ta ce to kin yarda mijinki ya yi daidai? Na ce mutumin da aka taɓa yanka, aka sake ɗago masa wuƙa, me zai yi? Ku duba damtsensa na hagu.

Tana rubutu biron ya suɓuce mata ya faɗi ƙasa, ta sunkuya ɗauka ta bugi kanta da gefen tebur. Ni da Malam Tankari muka haɗa baki: "Sannu!" Ta ɗago tana dafe da goshi ta dube mu. Ba ta yi dariya ba, amma ta daɗe tana rubutu bayan nan.

Ban san ko ya yi amfani ba. Fuskarsu ba ta nuna komai.

Litinin, 4 ga Nuwamba, hantsi

Sakamakon awon ya fito. Ƙarfinta ya kai. Madam ta ce magana ta biyu ta tabbata, mu sa zuciya kan ta farko.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, la'asar

Na gan shi.

Maigadin layi ne ya bugo min, da 'yar Hausar da Abban Maijidda ya koya masa: "Maigida, zo, zo!" Sun kawo shi sito ya nuna musu inda kowa ya tsaya. Na isa da takalmi daban-daban a ƙafa. An ja igiya a bakin layin, ni ina wannan gefe.

Sun aske masa gemu. Wallahi da farko ban gane shi ba, sai da ya ɗaga kafaɗa yadda yake yi in yana jin kunya. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Hannuwansa a haɗe, yana nuna ƙofar baya da su duka biyun, ana ɗaukar hoto. Da za su mayar da shi mota ya hango ni. Bai tsaya ba, bai ma juyo sosai ba, sai ya ɗaga murya kamar mai magana da iska:

"An ce kin kai farfesu."

Na ce, "Na kai."

"Kin kyauta. Da ina waje da tare za mu."

Ɗan sandan ya dafa kansa ya shigar da shi. Na zauna a kan dakalin shagon masu tayal na yi kukan da ban yi ba tun farko. Duk kwanakin nan ina zaton in ya ji ba zai yafe min ba.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, la'asar

Na faɗa wa Hajiya. Ta yi salati, sannan ta ce ai ta sani tun makon farko, wani ɗan unguwa da ya dawo daga baje koli ya kai mata har da ƙari. Jira take in gaji da ɗauka ni kaɗai.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Shiru.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, bayan azahar

Shiru. Babayo ya aiko da buhun shinkafa bai shigo ba. Na aika masa da abinci, komai ya wuce.

Litinin, 18 ga Nuwamba, bayan la'asar

Madam ta kira, wannan karon ta ce in zauna.

An janye maganar rauni. Mai gabatar da ƙara ya yarda kare kansa ya yi. An sami wuƙar. Wani daga dangin mutumin ne ya je wurin 'yan sanda da kansa, ya ce wuƙar gidansu ce, ranar da safe aka fita da ita, da yamma mai jar hula ya dawo da ita. Na ce wane ne? Ta ce ba a faɗa mata ba, kuma ko an faɗa ba za ta faɗa min ba. Ban sake tambaya ba. Na san mutum ɗaya a ɗakin asibitin nan da za ta san wuƙar kicin ɗinta ta yi yawo, kuma na san abin da wannan magana za ta ja wa ɗanta. Ban iya yin murna yadda na zata ba.

Maganar bindiga tana nan, za a je kotu. Madam ta ce ba za ta yi min alkawari ba, amma tana sa ran abin ba zai wuce shekara ba, daga nan kuma a sa shi a jirgi, ba zai sake shigowa ƙasar nan ba. Siton, da duk abin da ya tara tun yana saurayi, sai dai a tattara.

Ta ce in ina so in koma gida wurin 'yata babu wanda zai ga laifina, tunda ko na zauna ba ganinsa zan yi ba. Na ce kaya fa, ana karɓa? Ta ce ana karɓa, sanyi ma ya kusa. Na ce to wa zai riƙa kai masa?

Talata, 19 ga Nuwamba, hantsi

Na kai kayan, sun dawo min da su ta taga. Ba a karɓar tufa mai maɓalli, ko zif, ko igiya kowace iri.

Na dawo na baje su a kan gado. Na ɓalle maɓallan rigunansa ɗaya bayan ɗaya na zuba a kofi, har na shuɗiyar shaddar da ya yi Sallah da ita. Na zare zariyar wandunan. Sai na ɗaga ɗaya na duba, na ga ba zariya ba zai zauna masa ba, balle yanzu da ya zube. Na ɗauko allura. Ban san ƙugunsa na yanzu ba, sai na rufe ido na tuno shi a bakin ƙofar sito, na kama daidai yadda na gani, na rage kaɗan kuma don watannin da ke gaba.

Gobe da sassafe zan mayar.